Intanet Sanƙira Ce, Ba Ubangida Ba: Abincin Mawaƙi a Yammacin Zamfara

Ya zama ruwan dare a rubuce-rubucenmu a ce intanet ta 'yantar da mawaƙin Hausa daga ubangida. Wanda ya dubi yadda mawaƙan Anka da Gummi da Bukkuyum suke samun na tuwo zai yi wa wannan magana kwaskwarima.

A tsohon tsari, waƙa da abinci igiya ɗaya ta ɗaure su. Sa'idu Faru yana da Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, Musa Ɗanƙwairo kuwa, har ya rasu a 1991, yana da fadar Maradun da sarakuna da attajirai. Doki da riga da hatsi da kujerar Makka su ne ladan fasaha. Makaɗan jama'a kuma suna da biki da gayya da dandalin dambe da ranar kasuwa.

Matashin da ya shiga situdiyo a yau, ya biya kuɗin kiɗa daga aljihunsa, ba shi da ko ɗaya tabbatacce. Kafin YouTube ta fara raba kuɗin talla da shi, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Spotify ta iso Nijeriya a 2021, amma tun 2024 ba ta biyan waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba. Masu sauraronsa kuwa manoma ne da 'yan kasuwa da 'yan acaba, waɗanda ke karɓar waƙa ta WhatsApp ko a rumfar masu tura waƙoƙi cikin memori. Mai rumfa ya samu, mai sayar da data ya samu, mai murya ya tashi da suna kawai.

Ita ma hanyar ba ta da tabbas. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako saboda matsalar 'yan bindiga. Tsohon dandali da sabo suka rufe a lokaci guda.

Bisa ga haka, aikin da intanet take yi wa mawaƙin karkara aikin sanƙira ne: tana cigiyar sunansa, tana kai shi kunnen mai biki ko ɗan takara. Daga can kuɗin ke fitowa. Ubangida bai gushe ba, riga ya sauya. Bambancin shi ne, basarake kan riƙe makaɗinsa har tsufa, ɗan siyasa kuwa sai wata kakar zaɓe. Wanda kuma cikinsa ke hannun mai biya na yini ɗaya ba shi da bakin yi wa kowa gargaɗi, alhali zambo da habaici da hannunka-mai-sanda su ne gishirin waƙar baka.

Nan ne aiki ya hau kanmu manazarta. Rabe-raben makaɗa da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa sun ginu ne kan wanda ake yi wa waƙa, don haka tambayar "wa ke biya?" tsohuwa ce a fagenmu. Ya kamata ɗalibanmu na Gusau da Sakkwato su bar dogaro da waƙar da suka sauke a waya, su je Gummi da Anka su tambayi kuɗin situdiyo da rabon 'yan amshi da abin da biki ke kawowa. Su kuma bayyana wa mawaƙan haƙƙinsu a Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. Muna samun digiri da waƙoƙinsu. Bai dace mu jahilci abin da ke cikin tukunyarsu ba.