Jakar Hutu: Kafin Mu Hau Jirgin Ruwa

Hutu ya zo, kuma da yawa cikinmu 'yan Jega, Aliero da Maiyama za mu gangara Yawuri wajen dangi, inda wata ziyarar sai an hau jirgin ruwa a kogin Neja. To, me za mu sa a jaka?

Na farko, rigar kariya daga nutsewa. Wannan ba ta jaka ba ce, ta jiki ce. A ɗaura ta tun a gaɓa, ko da mutum gwanin ninkaya ne a gulbin Zamfara, don Neja ba sa'arsa ba ce.

Na biyu, leda mai kauri. A ƙulle waya, kuɗi da katin makaranta a ciki. Na uku, malafa da ruwan sha, domin tsakiyar kogi babu inuwa. A haɗa da ƙuli-ƙuli ko dabino, da tocila, da usur na neman agaji.

Akwai kuma abin da za mu bari a gida: nauyi. 'Yan Aliero, buhun albasar tsaraba ya bi mota! A watan Mayun 2021 jirgi ya kife kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da ɗari, aka yi asarar rayuka masu yawa. Lodi fiye da kima na cikin abin da aka zarga.

In mun ga jirgi ya cika maƙil, ko magariba ta kawo jiki, mu ce wa Baba ko Yaya a jira na gaba. Iya ruwa fidda kai.

Sai mako mai zuwa.