Ba Fender Ke Kiɗa Ba, Yatsu Ne

Tun da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025, makaɗanmu na Rufa'a da Hasahisa suka fara tunanin komawa fagen biki. Da yawa yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya raba su da kayansu, ni ma ina cikinsu. Sai ga masu baki suna cewa wai duk wanda ya taɓa riƙe Fender, abin kunya ne a gan shi da jitar bes ta gwanjo.

Ni ban yarda ba. Wanda ya shekara biyu bai taɓa tsirkiya ba, yatsunsa sun yi laushi, kunnensa ya yi sanyi. Tsadar jita ba ta gyara wannan, sai atisaye kullum. To don me mutum zai ci bashi a lokacin da fam ɗin Sudan ya karye, iyali na jiran abinci?

Ka nemi Squier ko Yamaha ko Ibanez mai tsirkiya huɗu, ko da ta sha hannu. Ka duba wuyanta, kada zafin Jazira ya lanƙwasa shi. Ka jona ta da lasifika, ka murɗa kowane maɓalli, ka ji ko tana ƙara. Ka sa sabbin tsirkiyoyi. Canjin da ya rage, ka tanadi batir, tunda wuta ba ta da tabbas.

Masu rawa a gidan biki ba sa leƙa tambarin jita. Daidai ruwa, daidai tsaki. Mai jiran Fender zai wayi gari wani yaro ya gaje masa wuri.