Baƙo, Mai Masauki da Makullin Ɗaki

A matsayina na mai nazarin harshe, na daɗe da lura cewa masana kwamfuta sun fi son aron kalma daga rayuwar yau da kullum a kan ƙirƙiro sabuwa. Idan suka tsaga babbar kwamfuta guda zuwa ƙananan kwamfutocin kwaikwayo, kowace tana aiki tamkar ita kaɗai ce, sai su kira babbar mai masauki, ƙananan kuma baƙi. Sunayen sun yi wa kunnen Bahaushe daɗi, domin a wurinmu baƙo amana ne. Abin da suka sakaya shi ne, a wannan gida mai masauki ke riƙe da makullin kowane ɗaki.

Batun ya shafe mu ne saboda bankuna da asibitoci da jami'o'i da dama sun koma hayar irin waɗannan ɗakuna a rumbunan Amazon da Microsoft da Google. Ana kulle bayanai idan suna ajiye a faifai, ana kulle su idan suna tafiya a intanet, amma lokacin da ake aiki da su tilas a buɗe su a ma'adanar wucin-gadi, wato RAM. A nan ne manhajar da ke rabon ɗakuna take iya karanta komai, tun daga kalmar sirrin manaja har sakamakon gwajin majinyaci. Ma'aikaci maci amana ko ɓarawon da ya ƙwace manhajar ya samu shiga ke nan. Ga kuma dokar Amurka ta 2018, CLOUD Act, da ta ba hukumomin ƙasar ikon neman bayanai daga kamfanoninta ko a wace ƙasa suka ajiye su.

A 2016 kamfanin AMD ya fito da dabarar SEV, inda furosesa ke kulle ma'adanar kowane baƙo da makullin da ba ya fita daga cikinta. A 2018 masu bincike na cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka nuna cewa kulli kaɗai bai isa ba. Ba su taɓa makullin ba. Taswirar shafukan ma'adanar suka sauya, har baƙon ya riƙa miƙo asirinsa da hannunsa bai sani ba. Wannan na cikin dalilan fitowar SEV-SNP a 2020, mai rajistar da ke tantance mamallakin kowane shafi. Intel ta zo da TDX, Arm kuma ta sanar da CCA a 2021.

Aikin da ya fi wuya ya faɗo kan masu rubuta Linux, domin sashensa na KVM an gina shi ne bisa zaton mai masauki yana ganin komai. Sai a watan Maris na 2024, cikin Linux 6.8, aka shigar da guest_memfd, wata hanyar ware wa baƙo ma'adanar da shirye-shiryen mai masauki ba sa iya leƙawa. Aka raba shafuka gida biyu: na ƙuryar ɗaki, da na zaure inda ake musayar saƙo, tunda baƙon da ba shi da zaure ba zai aika ba, ba zai karɓa ba. Abin yana da tsadarsa. Mai masaukin da ba ya ganin kaya ba ya iya kwashe su zuwa faifai idan wuri ya matse, kuma mayar da baƙo wani gidan yana tsakiyar aiki ya zama jan aiki.

Inda nake da ja shi ne kalmar "sirri" da ake tallata wannan haja da ita. A ganina amanar ƙaura kawai ta yi, daga hannun mai rumbu zuwa hannun maƙerin furosesa, kuma maƙeran ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Su ma suna kuskure. A Disambar 2024 masu bincike daga jami'o'in Beljiyam da Jamus da Birtaniya suka bayyana harin BadRAM: da kayan da ba su kai dala 10 ba suka sa sandar ma'adana ta yi ƙaryar girmanta, suka keta SEV-SNP, sai da AMD ta fitar da gyara. Bugu da ƙari, mai masauki na nan da ikon kashe wa baƙo wuta, yana kuma ganin yaushe yake shiga da fita.

Duk da haka ina goyon bayan hukumominmu su nemi wannan kariya, musamman da yake Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai tattara bayanan jama'a alhakin tsaronsu. Amma kada shugaban banki ko magatakardar jami'a ya wadatu da ganin kalmar a takardar kwangila. Waɗannan furosesoci suna iya fitar da shaida mai sa hannu, wadda ke bayyana irin injin da kuma ainihin manhajar da aka ɗora wa baƙon. Ya kamata a rubuta cikin yarjejeniya cewa ma'aikatanmu ne za su tantance wannan shaida da kansu kafin a saki makullan bayanai, kuma makullan su zauna a hannun hukumar da ta yi hayar ɗakin.