Arahar tikitin Kano zuwa Guangzhou

Babu jirgin da ke tashi kai-tsaye daga Kano zuwa Guangzhou, dole ɗan kasuwa ya yada zango a wani birni kamar Addis Ababa ko Alƙahira. A nan masu neman sauƙi ke faɗawa tarko. Tikiti biyu na kamfanoni daban-daban kan fi araha a intanet, amma idan jirgin farko ya makara, na biyu ba ruwansa da kai: sabon tikiti za ka yanka, ka sake auna kayanka. Wani zai ce ai ko naira ɗaya aka rage riba ce. Haka ne, amma araha ba ta ado. Gara ka yanki tikiti guda da wuri, ka kauce wa Afrilu da Oktoba, lokacin cunkoson baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou.