Sayen Nagari Mai Da Kuɗi Gida, Amma Wane Ne Nagarin?

Da zarar Disamba ta kama, hazo ya sauko, sai hira a zangonninmu ta koma kan rigar sanyi. Daga Nima zuwa Aboabo ta Kumasi, har Tamale da Bawku inda ɗari ya fi cizo da asuba, matasa na ta fitowa da irin rigar nan mai laushi kamar gashin ɗan rago, wadda Turawa ke kira filis. Wasu ƙirjinsu na ɗauke da tambarin The North Face, wasu Columbia, wasu Patagonia. Tambayar da magidanta ke yi ita ce: ya dace mutum ya zuba kuɗin riga huɗu a kan guda ɗaya saboda sunan da ke jikinta?

Ra'ayina shi ne, ga mafi yawanmu bai dace ba. Amma wanda ya ruga ya kwashi mafi araha a kasuwa shi ma bai tsira ba.

Mu fara da asalin yadin. Filis ba ulu ba ne, ba kuma auduga ba. Zaren foliyesta ne, ɗan'uwan robar gorar ruwa, aka saƙa shi, aka taje fuskarsa har ta yi gashi. Iskar da ke maƙalewa tsakanin gashin ita ke riƙe ɗumin jiki. Masaƙar Malden Mills ta jihar Massachusetts a Amurka ce ta fito da shi a farkon shekarun 1980, tare da kamfanin Patagonia, kuma mai masaƙar, Aaron Feuerstein, bai yi wa fasahar rajistar mallaka ba. Wannan ya sa kowace masaƙa a duniya ta sami damar kwaikwayo. A 1993 Patagonia ta fara ɗinka rigunan daga tsofaffin gorunan roba. Ashe ke nan da mai tsadar da mai arahar duk uwarsu ɗaya. Ɗumi kuwa kaurin yadi ke kawo shi, shi ya sa masu sana'ar ke auna shi da giram 100 ko 200 ko 300 a kowace murabba'in mita. Tambari bai taɓa ƙara wa riga ɗumi ba.

To ina bambancin yake? Yana wajen juriya. Yadi mai kyau na shan wanki shekara da shekaru gashinsa na tsaye. Na banza kuwa, wanki uku ko huɗu sai gashin ya dunƙule ya yi ƙuraje, ya kwanta, ɗumin ya ragu. Zif ɗinsa ya fara cijewa, ɗinkin hammata ya buɗe, bakin hannu ya saki. A nan masu kare manyan kamfanoni suke da gaskiya, domin araha ba ta ado, kuma wanda ke sayen riga kowace shekara ya fi mai saye sau ɗaya asara.

Sai dai hujjar tasu ta fi ƙarfi a ƙasashen da ake sanyi rabin shekara. An ƙirƙiri waɗannan riguna ne don masu hawan duwatsun ƙanƙara. Mu hunturunmu daga Disamba ne zuwa Fabrairu, a Ankara ma sanyin bai wuce na asuba da dare ba, kafin hantsi an tuɓe riga an rataye. Rigar da za a sa wata biyu a adana ta wata goma ba ta buƙatar ƙarfin da aka tanada don wani yanayi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne jabu. Sabuwar riga da ke rataye a bakin titi da babban tambari, ana sayar da ita a kuɗin da bai kai rubu'in na asali ba, kowa ya san ba daga kamfanin ta fito ba. Mai sayenta ya biya kuɗin suna, ya tafi gida da yadin banza, ya yi biyu babu. Abin mamaki, mu ne fa mutanen da ba a yi wa wayo a shadda. Iyayenmu mata kan murza yadi da yatsa biyu su gane Getzner ta Ostiriya daga kwaikwayonta, ba tare da sun dubi hatimi ba. Me ya sa idan aka zo kan rigar sanyi sai mu ajiye wannan basira mu koma karanta ƙirji?

Mafita tana kusa da mu. Kasuwar Kantamanto ta Ankara na cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya, kayan da maƙwabtanmu Akan ke kira obroni wawu, wato tufafin Baturen da ya mutu. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shiga kasuwar kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarewa a bola. Gobarar farkon Janairun 2025 ta cinye babban sashenta, amma 'yan kasuwa sun sake tayar da rumfunansu. A cikin dilolin nan, da na Kejetia a Kumasi, ake samun rigunan asali da masu su suka gaji da su alhali ba su mutu ba. Rigar da ta sha wanki a Turai ta iso nan gashinta na tsaye ta riga ta ci jarrabawa. Haka kuma lissafin bolar nan ya isa ya nuna mana makomar tufafin da aka ɗinka don su mutu da wuri.

Idan ka je saye, ɗaga rigar ka dubi rana ta cikinta. In haske na ratsowa sosai, ajiye ta. Duba gwiwar hannu da wuya, nan ƙuraje ke fara fitowa. Ja zif sama da ƙasa sau da yawa. Juya cikin rigar ka ga ɗinkin. Wanda ya yi wannan bai buƙatar kowa ya faɗa masa sunan kamfani.

Akwai abu biyu da tsada ba ta magancewa. Na farko, filis ba ya tare iska, tana ratsa shi kamar rariya. Ɗan'uwanmu mai okada ko mai fita kan babur da sassafe a Tamale, gara ya sayi filis matsakaici, ya ɗora riga mai santsi irin ta ruwan sama a kai, da ya ƙarar da kuɗinsa kan guda mai suna. Na biyu ya fi haɗari: foliyesta narkewa yake idan ya ji wuta, ya manne wa fata. A gidajen da yara ke kewaye kurfoti suna jin ɗumi, da makarantun allo da ake hura wuta da dare, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Yaron da zai zauna kusa da garwashi, rigar ulu ko auduga mai kauri ta fi masa aminci. Yara ma dai girma suke yi, kafin hunturu biyu riga ta yi musu kaɗan, don haka babu dalilin saya musu mai tsada.

Wanda tafiya ta kama shi zuwa ƙasar ƙanƙara, karatu ko neman abinci, ya sayi ta asali, kuɗinsa ba su faɗi ba. Sauranmu kuwa mu nemi nagari da hannu da ido a cikin gwanjo, rarar kuɗin ta tafi ga bargon tsofaffi da man shafawar yara, waɗanda hunturu ya fi gallaza wa.