Zoɓon Gida Da Zoɓon Kasuwa

 

Akwai wata magana da kusan duk mai iya wani abu ya taɓa ji. Ki haɗa lemon citta ranar Sallah, baƙi su sha su nemi ƙari, sai wata ta ce, "Ke kam kuɗi kike zaune a kansu. Me ya hana ki fara sayarwa?" Maganar tana da daɗin ji, kuma mai faɗinta da zuciya ɗaya take faɗa. Ni an faɗa mini ita a kan zoɓo da kunun aya, na kuma ɗauka. Abin da na koyo shi ne ra'ayin da na kawo yau: iya haɗa abu mai daɗi ba ya isa ya riƙe sana'a. Abin sha'awa ana yabonsa ne da ranar da ya fi yin kyau, ita kuwa sana'a ana yi mata hukunci da ranar da ta fi lalacewa.

Bayan na gama difloma ina zaman jiran aiki, na fara ƙulla zoɓo da kunun aya ina ajiyewa a shagon maƙwabcinmu. Ciniki ya ɗan kankama, har wata ƙawar yayata ta ba ni aikin roba 80 na kunun aya domin walima. Lokacin bazara ne, zafi kamar ana hura wuta. Na jiƙa aya tun safe, na kai niƙa da yamma, na tace, na zuba dabino da kwakwa da kanumfari, na ɗura a robobi na jera a firji. Cikin dare aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba. Da safe na taɓa robobin na ji da sauran sanyi, na ce ai babu komai. Kafin azahar uwar biki ta kira ni. "Ƙanwata, wannan abin fa ba ya shayuwa." Da na je na tarar robobin sun kumbura, kana murɗa murfi sai ka ji iska ta fita, ga tsami ga yauƙi. Na mayar da kuɗi, jarina ya tafi, ita kuma ta sha kunya a gaban baƙinta. Da na dawo gida Inna ta dube ni ta ce, "'Yar nan, kunun aya ai ba ya son kwana. Da kin tambaye ni."

Daga baya na nemi sanin abin da ya faru a cikin robobin nan. A cikin iska, da jikin aya, da injin niƙa, da hannun mai tacewa, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Wasu bakteriya ne masu mayar da sukari ya zama tsami. Wasu kuma yis ne, dangin wanda ake sa wa fanke da burodi, shi kuma yana cin sukari ya fitar da iska da sinadarin barasa. Iskar ce ta kumbura robobina. Sanyi ba ya kashe waɗannan halittu, kwantar da su kawai yake yi, da zarar ɗumi ya dawo su ci gaba da aikinsu. Kunun aya abinci ne mai kyau a wurinsu: ga sukari, ga sitaci, ga maiƙo, ba shi da tsamin da zai kare shi, kuma ba a dafa shi, domin in aka dafa sosai sitacin zai yi kauri ya koma kamar koko. Shi kuwa zoɓo ana tafasa shi, kuma yana da tsaminsa na asali, shi ya sa ya fi jimiri. Tun a ƙarni na 19 masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya nuna cewa waɗannan halittu ne ke sauya abin sha, kuma ɗumama shi daidai gwargwado yana rage su. Ilimin yana nan fiye da shekara 150, ni ce ban neme shi ba sai da na yi asara.

Wannan aikin yis da ya cinye mini jari, akwai masu nemansa da gangan, wato masu haɗa giya. Giya haramun ce a addininmu, kuma ba tallarta na zo yi ba. Na kawo su ne domin tarihin masu haɗa ta a gida a Amurka yana cikin misalan da suka fi fito da abin da ke faruwa idan abin sha'awa ya rikiɗe ya zama sana'a.

A 1978 shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya haɗa giya a gidansa, ta fara aiki a 1979. Dokar ta ba da damar haɗawa ne domin amfanin gida, sayarwa kuwa sai da lasisi. A lokacin kamfanonin giya a ƙasar ba su kai 100 ba. Daga cikin masu yi a gida akwai wani matashi, Ken Grossman, a garin Chico na jihar Kalifoniya. A 1976 ya buɗe ƙaramin shagon sayar da kayan haɗi ga masu sha'awa irinsa. Da ya yanke shawarar kafa kamfani tare da abokinsa Paul Camusi, ba su da kuɗin sababbin injuna, sai ya riƙa tattaro tsofaffin tankunan gidajen madara yana gyarawa da hannunsa. A watan Nuwamba na 1980 suka yi haɗin farko a kamfaninsu, Sierra Nevada. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, kafin su fitar da samfurin da ya yi musu suna, sun zubar da haɗi bayan haɗi domin bai riƙa fitowa iri ɗaya ba. Mutum ne da ya yi shekaru yana yi a gida abokai suna yabawa, amma da aka zo batun sayarwa sai ya zama ɗalibi: awo, tsafta, gyaran inji, lissafi.

Kamfanin ya girma ya shiga sahun manyan irinsa, kuma dubban mutane sun bi wannan hanya, har adadin kamfanonin giya a Amurka ya haura 9,000. To amma a 2024 waɗanda suka rufe sun fi waɗanda suka buɗe yawa. Ba na jin duk waɗanda suka rufe rashin iya haɗi ne ya kayar da su. Haya, bashi, tsadar kaya da cunkoson kasuwa ba su san daɗin hannu ba. Labarin wanda ya yi nasara ake ta maimaitawa, na waɗanda suka sayar da tankunansu ba a cika jin sa ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Idan muka dawo kan namu abin sha na halal, buƙatun iri ɗaya ne, kuma uku na gani da idona.

Na farko awo. A gida ina zuba sukari "daidai yadda hannu ya ba ni". Yau ya yi zaƙi, gobe ya yi salam, ba wanda zai yi ƙorafi domin kyauta ne. Wanda ya biya kuɗi kuwa abin da ya sha jiya yake so ya tarar yau. Sai da na sayi ƙaramin sikeli da littafi, ina rubuta nauyin zoɓo, yawan ruwa, minti nawa ya tafasa, da ranar da na ɗura, kafin masu saye suka daina cewa "na yau ba kamar na rannan ba".

Na biyu lissafi. Ga wani shafi daga littafina na lokacin. Roba 50 a kan naira 300, ciniki ya kama naira 15,000. Kayan haɗi 8,000, robobi 2,500, ƙanƙara 1,500, niƙa da kuɗin mota 1,000. Jimillar kashewa 13,000, saura 2,000. Ban sa ladan wahalata ba, ban sa gas ɗin Inna da firjinta ba. Idan roba 7 kacal suka yi kwantai suka lalace, ribar ta tafi har da ɗoriya. Watanni ina ganin kuɗi suna shigowa ina cewa ina samu, ashe juya su kawai nake yi.

Na uku amana, kuma shi ya fi nauyi. Abin da ka ɗura a roba cikin mutane yake shiga, har da yara da masu ciki da marasa lafiya. Mun san yadda ake tsinto robobin da aka sha aka yar a wuraren biki da tasha, a ɗauraye sama-sama a sake ɗurawa. Mun san ba kowa ke tambayar inda ruwan ya fito ba. Kuma mai sayar da abin da ya fara kumbura roba, ya sani cewa yis ya soma aikinsa a ciki. Wanda yake son kayansa su shiga manyan shaguna da tambari, akwai hanyar da doka ta shimfiɗa: rajistar sunan kasuwanci a CAC, da rajistar samfuri a NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, da rubuta ranar haɗawa da ranar lalacewa a jikin roba. Mutane suna kallon wannan a matsayin wahala. Ni yanzu ina kallonsa a matsayin tambayar da ya kamata in yi wa kaina kafin in karɓi aikin roba 80.

Na san abin da wasu za su ce. Iyayenmu mata sun shekara da shekaru suna sayar da kunun zaƙi da fura da zoɓo, babu sikeli babu takarda, da shi suka yi wa 'ya'ya kayan ɗaki suka biya kuɗin makaranta. Gaskiya ne, kuma ba na raina su. Amma a duba da kyau, suna da awonsu: mudu, gwangwani, ludayi, ba sa canzawa. Sun san adadin da unguwa za ta shanye, ba sa wuce shi. Suna damawa da safe su sayar kafin yamma, babu abin da ke kwana. Wannan tsari ne cikakke, ko da ba a rubuce yake ba. Matsalar irina ita ce mun bar tsarinsu, ba mu kuma koyi na kamfani ba. Muna son ciniki irin na kamfani da kayan aikin ɗakin girki.

Wasu kuma za su ce ina kashe wa matasa gwiwa a lokacin da aiki ya yi wuya. Ba haka nake nufi ba, kasuwar tana nan kuma babba ce. Zoɓon da ake nomawa a Jigawa da maƙwabtanta ana loda shi zuwa Meziko, inda suke yin abin sha da shi. A Senegal suna ce masa bisap, a Ghana sobolo, a Sudan da Masar karkade. A yankin Balensiya na Sifaniya suna yin abin sha da aya mai kama da kununmu, suna kiransa horchata, sun gano yadda za su sarrafa shi ya daɗe a kwali, har suna sayo aya daga Nijar da Mali da Burkina Faso. Mu ke noma, wasu ke ɗurawa su ci riba mai kauri. Ina son in ga matasanmu a wannan fage, amma waɗanda suka shiga da shiri ne za su daɗe a ciki.

Akwai kuma wata asara da ba ta shiga littafin lissafi. Da can haɗa zoɓo hutu ne a wurina, ina gwada abarba yau, gobe na'ana'a, jibi kokwamba. Da ya zama sana'a sai gwaji ya tsaya, domin mai saye ba ya son mamaki. Rabin lokacina ya koma wankin robobi, neman ƙanƙara da bin bashi. Ba laifi ba ne mutum ya duba wannan ya ce a'a, abin nan zan bar shi na jin daɗina ne da na iyalina. Ba kowace baiwa ce dole sai ta ciyar da mai ita ba.

Wani zai tambaya, me ya haɗa wannan da zauren marubuta? Mu ma irin wannan maganar ake faɗa mana. Ki saki shafi biyar a WhatsApp, 'yan uwa su cika ki da yabo, sai a ce, "Ki mayar da shi na kuɗi mana." Ranar da aka fara biya, dokar ta canza. Wanda ya tura kuɗinsa yana jiran shafi a ranar da aka yi masa alkawari, ko da wuta ko babu, ko da ilhama ko babu. Yana so babi na 30 ya yi ƙarfin babi na farko. Mu nawa ne muka taɓa zubar da babi domin bai kai ba, yadda mutanen can suka zubar da haɗinsu? Mu nawa ne muka lissafa kuɗin data da cajin waya da na mai gyaran rubutu kafin mu yanka farashi? Littattafai nawa aka karɓi kuɗinsu aka bari a rabi?

Shawarata ga mai zoɓo da mai alƙalami ɗaya ce. Kafin ka kira abin sana'a, ka yi masa gwajin wata uku. Ka riƙa fitar da shi a ranakun da ka ɗiba, ba fashi. Ka rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, har da lokacinka. Ka sayar wa mutanen da ba su san ka ba, waɗanda ba za su ji nauyin ce maka bai yi ba. Ka nemi wanda ya riga ka a harkar ka tambaye shi, ko da a cikin gidanku yake. Kuma kada ka karɓi aikin da ya fi ƙarfin firjinka. Idan bayan wata uku lissafi ya tsaya da ƙafarsa kuma ranka bai gundura ba, bismillah. Idan kuwa bai tsaya ba, ka tsira da jarinka da mutuncinka, abin sha'awarka kuma yana nan.

Ni dai har yanzu ina yin zoɓo na sayarwa, roba 30 ranar Juma'a, a sababbin robobi, da kwanan wata a jiki. Kunun aya kuwa sai wanda ya yarda a haɗa masa da safe ya sha a ranar. Wanda yake da saɓanin ra'ayi, musamman waɗanda suka fara sayar da rubutunsu, ina son jin yadda lissafinku ya kaya.

Allah Ya sa albarka a abin da hannayenmu ke yi. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.