Tafasa Nono Ba Ta Kashe Dalma

A ajin kimiyya an koya mana mu tafasa nono, mu dafa nama sosai, domin mu kashe ƙwayoyin cuta. Wannan koyarwa daidai ce, amma ba ta isa ba. Dalma ƙarfe ce, ba ta da rai balle wuta ta kashe ta. Ko tukunya ta kwana bisa murhu, dalmar tana nan a cikin romo.

Mu tuna da abin da ya faru a Jihar Zamfara a shekarar 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar su Dareta da Bagega, mutane suna niƙa duwatsun zinariya a cikin gidajensu, ba su san akwai dalma a ciki ba. Yara fiye da 400 suka mutu. Tun kafin a gane cutar yaran, agwagi sun fara mutuwa, ba wanda ya kula. Dabbobi sun riga mu shan gubar, domin su ne suke kiwo a ƙasa, suna shan ruwan kududdufi.

Saniyar da ta ci ciyawa mai wannan ƙura, ko ta lashi tsohon batirin mota a juji, ba lallai ta faɗi nan take ba. Gubar takan taru a hanta da ƙoda da ƙashi, wata kuma ta bi nono. Abin baƙin ciki, hanta ce muke ajiye wa ƙannenmu domin su yi jini, alhali kuwa dalma ta fi yi wa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ɓarna. Ga kuma masu babbake ganda da tsohuwar taya.

Ba mu ga laifin Bafulatana mai tallar nono ba. Ba ta da na'urar gwaji, kuma 'ya'yanta ma abin da suke sha ke nan. Likitan dabbobi a kwata yakan duba nama da ido, ido kuwa ba ya ganin dalma. Ra'ayinmu shi ne hukumar NAFDAC da ma'aikatun dabbobi na jihohi su riƙa kai hanta da nono ɗakin gwaji daga yankunan haƙar ma'adinai, a sanar da sakamakon a rediyo da Hausa da Fillanci, a kuma killace wuraren wankin zinariya daga mashayar shanu.

Mu da za mu koma gida hutu, mu fara da kwashe tsofaffin batura daga inda awakinmu suke kiwo.